Shekarar da Gunya Ta Kama Kaɗa Kai

Da aka zo rabon gadon Baba a Kuyello, yayyena maza suka zaɓi gonaki da rumbuna, ni kuwa da aka waiwayo kaina na ce a bar mini goɗiya. Liman ya sake tambayata, don a ganinsa mace mai goyo ta fi bukatar abin da za ta sa a tukunya. Na ce na ji, amma Gunya nake so. Haka aka jawo ta har Birnin Gwari, da ragamarta da tsohon akushin da ake jiƙa mata dusa, aka kafa mata turke a gidan mijina, a gindin ceɗiyar da ke bayan rumbu.

A gabana aka haifi Gunya, lokacin ko tulu ban isa ɗauka ba. Ni na raɗa mata sunan, don launinta irin na man shanu sabon kaɗi. Baba, Malam Nababa, manomi ne, amma dawaki ne ransa. In gari ya waye sai ya ɗora ni a gabansa kan uwar Gunya, mu ratsa gonakin dawa, raɓa na jiƙa mana ƙafa, 'yar tana biye tana tsalle-tsalle. Da ta isa hawa, a kanta na koyi riƙon linzami, mahaifiyata tana faɗa wai za a mayar mata da 'ya namiji. Har yau in na ji ƙanshin harawar da aka sauko da ita daga kan itace, sai in ga kamar zan ji muryarsa yana yi wa doki magana ƙasa-ƙasa, irin wadda bai taɓa yi wa mutum ba.

Maigidana, wanda uwarsa ke kira Auta, hatsi yake kai wa masu haƙar zinariya a sansanoninsu na cikin daji. Jakuna ke ɗaukar kayan, shi kuma da Gunya ta zo ya daina tafiyar ƙasa. Abokansa suna yi masa tsiya wai namiji a kan goɗiya, ya ce musu ai su ma mace ce ta goya su. Ɗanmu ɗaya, Abubakar, amma kowa Abarshi yake ce masa, domin kafin shi na haifi 'ya mace wadda ba ta kai yaye ba. Wanda ya taɓa binne ɗa ya san yadda ake kallon na biyu. Tari in ya yi sai na tashi zaune. Amma ban taɓa hana shi Gunya ba. Ni da kaina na koya masa ya damƙo dusa ya miƙa mata a tafin hannu, ina jiran ranar da zan ga ubansa ya ɗora shi a gabansa su fita.

A bazarar shekarar aka yi shela cewa Di'o, baturen mulki, zai zo rangadi. Mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa a share, a shafe bango da farar ƙasa, a janye dabbobi daga kusa da rumbu da rijiya a kai su inda rana za ta riƙa busar da fitsarinsu. Samari suka zo suka sassare rassan ceɗiyarmu don kafa rumfar tarbar baƙo. Mu mata kuma abin ya zama gasa. Ni da surukata, Inna Gambo, muka je har bakin rafi muka haƙo farar ƙasa mai ƙyalƙyali, muka shafe bangon gida ciki da waje, muka ƙara shafi na biyu don matan gidan Sarkin Pawa sun yi haka. Aka tumɓuke turken Gunya aka kai shi kusurwar gabas, tsakanin fararen bangwaye biyu. Di'o ya zo ya tafi, ko lungunmu bai leƙo ba.

Ba a daɗe ba ta fara. Tana tsaye lafiya sai ta fizge kai sama kamar wadda zuma ta harba a hanci, ta sauke, ta sake fizgewa. Ta yi firji, ta goga hanci a gwiwarta, ta goga a turke, ta goga a ƙasa. Da farko na ɗauka ƙuda ne, na yi ta kora mata da mafici. Ba ƙuda. Wata rana na tarar ta goge fatar hancinta har jini na tsattsafowa, kuma ga ciyawa a gabanta tana son ci, kan ya ƙi tsayawa.

Aka kira Dabo, tsohon da ke yi wa dawakin gari magani. Ƙanen kakan maigidana ne, don haka bai taɓa shigowa gidan ba tare da ya neme ni da tsiya ba.

"Matata, ina tuwona? Ko duk goɗiya kika ba? Na ji an ce ta fi mu daraja a gidan nan."

"Ita ai tana da haƙoran ci, Kaka. Kai kunu ya kamace ka."

Ya yi dariya ya nufi turke. Kunne ya fara dubawa, don ya ce rabin kaɗa kan doki daga nan yake fitowa. Ya murɗe mata leɓe, ya zura yatsa, ya kuwa zaro kaska biyu da suka sha suka ƙoshi. Ya narka man shanu da garin taba ya ɗiga mata, ya ce gobe zan gode masa. Gobe ta yi, kai yana nan yadda yake. Ya dawo ya buɗe bakinta ya shafa haƙoran, ya ce akwai mai tsini da ke sukar kumatu, ya goge shi da magagari. Ya ce a jingine linzami a riƙa jan ta da ragama kawai, ko ƙarfen ne ke ci mata baki. Aka jingine. Bayan haka ya ce tsutsa ce ta hau kai, ya turara mata hayaƙin tsumma da barkono, ta yi ta atishawa har ni da ke nesa idona ya yi ruwa, ba abin da ya fito. Maigida ya karɓo rubutu aka wanke aka zuba mata a ruwan sha. Ni kuma na ƙara mata kanwa, na sauya mata ciyawa, na daina ba ta ta fadama.

Ana cikin haka aka ce malamin dabbobi ya sauka a rugar Hammadu, bakin daji, yana yi wa shanu allura. Maigida ya yi sammako ya kai ta. Da ya dawo ya ba ni labari ransa a ɓace. Wai tun daga gida har ruga, cikin inuwar itatuwan doka, ko sau ɗaya ba ta kaɗa kai ba. Malamin ya duba ido, ya duba dasashi, ya shafa wuya, ya ce wannan ba cizon ƙudan tsando ba ne tunda ba ta rame ba, shi dai bai ga ciwo ba. Fulani suna ta murmushi, Hammadu ya ce ko dai mahayin ne ke kaɗa kai. A hanyar dawowa kuwa, da suka fito fili rana ta take, saura kaɗan ta fasa masa baki da ƙeya. Na saurare shi na ba shi haƙuri, ban ɗauki komai daga labarin ba a lokacin.

Ranar da abin ya kai inda nake tsoro, ina tankaɗe a ƙofar ɗakin girki. Abarshi ya damƙo dusa ya nufe ta yana kiran sunanta yadda bakinsa ya iya. Ta sunkuyo za ta karɓa, sai abin ya motsa mata. Haɓarta ta ɗauke shi, ya faɗi a kan bakin akushi. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya ɗauke numfashi kafin kukan ya fito. Na danne wurin da gefen zanena har jinin ya tsaya, na wanke da ruwan gishiri, Inna Gambo ta shafa masa zuma. Ido bai taɓu ba. Faɗin ɗan yatsa ne tsakani.

Da yamma Inna ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙewa. Ta ce dabbar da ke gyaɗa kai ba wanda ya yi mata magana, amsawa take yi wa wanda mu ba ma gani. Ta ce a garinsu, wajen Randagi, wani doki ya yi haka yana nuna ƙasa da baki, shekarar ba ta ƙare ba sai da aka fitar da makara daga gidan. Ta ce goɗiyar mamaci ce, mai ita take gani yana kira, kuma ba ita kaɗai yake kira ba. Tana magana tana kallon Abarshi da ke barci a cinyata. Maigida ya ce wannan camfi ne, Inna, amma muryarsa ba ƙarfi. Ni da na san Baba ba zai kira jikansa zuwa kabari ba, sai da na ƙara rungume yaron.

Dabo ya ce saura magani ɗaya, a yi mata lalas da jan ƙarfe daga goshi zuwa hanci. Na ce ba a fuskar Gunya ba. Sai maigida ya ce to akwai Jaji, bafataken da ke sayen dawaki yana gangarawa da su ƙasar Nufawa, yana nan tafe kafin ruwa ya sauka. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Dokin da aka kai can ba ya ganin damina biyu, ƙuda ke cinye shi. Maigida ya ce ba zai sayar da abin da yake gadona ba sai da bakina, amma in duba girar yaron nan in ba shi amsa. Na duba. Na ce in Jaji ya zo tana nan yadda take, ya tafi da ita. Ban faɗa don a ji daɗi ba, har zuciyata haka nake nufi.

Daga ranar na sa aka kewaye turken da ƙaya, na kuma daina barin Abarshi a ƙasa. Ko ya ƙi ko ya so yana bayana. Na shiga kallon Gunya irin kallon da nake yi wa yaro mai zazzaɓi, wato ba ciwon kaɗai ba, har da lokacin da yake tashi da lokacin da yake kwanciya. In na fito daka da sassafe, tana tsaye shiru tana tauna. Hantsi na ɗagawa sai ta fara. Azahar abin ba kyan gani. La'asar sakaliya ya lafa. Ranar da hadari ya taso ya rufe sama ya watse ba ruwa, wuni guda ta yi kamar ba ita ba, har na fara murna, washegari ta koma.

Abarshi ne ya ƙarasa mini lissafin, shi bai sani ba. Yana da wata ɗabi'a tun yana jariri, duk na fito da shi daga duhun ɗaki zuwa rana sai ya yamutsa fuska ya yi atishawa, sau biyu ko uku, ba mura ba komai. Wata azahar na fito da shi a goye, hasken farin bangon nan ya dake mu, ni kaina sai da na runtse ido, ya yi atishawarsa a ƙeyata. A daidai lokacin Gunya ta fizge kai ta yi firji. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina kallon su biyun. Na tuna labarin hanyar ruga, inuwa lafiya, fili ba lafiya.

Sai kuma bargar Baba ta faɗo mini a rai. Ɗaki ne zagayayye ba taga, ƙofa ɗaya tana kallon arewa, kullum da busasshen kashin doki yana cin wuta a hankali a gefe don korar ƙuda. In ka shiga sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga doki. Nan nake ɓuya in na yi laifi, in kwanta a kan ingirici ina jin numfashinsu. Kuma Baba bai taɓa ɗaura sirdi da tsakar rana ba. In an matsa masa sai ya ce rana tsaka ta jaki ce. Mu duk mun ɗauka son barcin azahar ne, har mahaifiyata tana yi masa gori. Ko ya san wani abu game da Gunya, ko kuwa haka ya tarar ana yi, ban sani ba, ba kuma wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne, tun da aka haife ta ba ta taɓa wuni a rana ba sai bana.

Ina da wani tsohon gyale baƙi da ya sha wanki har ana hango mutum ta cikinsa. Na yage shi, na ɗinka shi a jikin ragama yadda zai rufe idanu ya sauko ya lulluɓe hanci. Na miƙa wa Inna yaron, na shiga cikin ƙayar na sa mata. Ta yi turjiya, ta ja da baya, sannan ta tsaya. Ta fizge kai sau ɗaya, ta jira, kamar mai sauraron ko abin zai dawo. Can ta sunkuya ta ci ciyawa. Inna tana daga bakin ɗakinta ta ce yanzu kuma takaba aka sa mata, abin ya cika.

Gyalen ya rage, bai kashe ba. In rana ta take sosai tana yi jefi-jefi, kuma iska mai zafi in ta bugi hancin sai ta nemi abin gogawa. Inuwa take bukata mai duhu, ga ceɗiya an sassare, ga maigida ba ya gari balle a yi maganar gini. Ɗaki ɗaya ne a gidan da ya yi kama da bargar Baba, shi ne ɗakin girkina, wanda kunkunniya ta baƙanta tun zamanin kakar maigida. Na kwashe tukwane da tulu da maburgi, na tumɓuke duwatsun murhu na kai su gindin bango, na share toka na zuba yashi. Ƙofar ta yi mata ƙanƙanta, sai da na sa taɓarya na fasa sama kaɗan. Kafin la'asar Gunya tana ciki. Kwanakin da suka biyo, ɓawon hancinta ya bushe ya faɗi, sabon gashi ya fara tsirowa.

Maigida ya dawo daga daji ya tarar da matarsa tana tuƙa tuwo a fili, goɗiya kuma a ɗakin girki. Ya leƙa ɗakin ya dube ta. Daga baya ya tambaya ko ta warke. Na ce a'a, amma na san abin da ke tayar mata.

Jaji ya iso gab da saukar ruwan farko. Dogo ne mai ladabi, ya tsaya a zaure aka kai masa ruwa, ni ina bayan zana ina ji. Maigida ya ce a fito da ita ya gani. Lokacin azahar ce. Na sa mata gyalen na miƙa ragamar, aka zagaya da ita ƙofar gida. Ta yi tafiyarta lafiya, har na fara sakin numfashi, sai a juyowa ta biyu ta fizge kai, ta sake. Jaji ya ce ya taɓa ganin irin wannan, wani yakan bari da damina ya dawo da bazara, wani har ya mutu bai bari ba. Ya ce shi zai saya a haka, don inda zai kai ta ba a tambaya.

Maigida ya shigo cikin gida, Inna ta fito ta zauna a kan turmi da Abarshi a hannu.

"Saude, kin ce in tana nan yadda take, ta tafi."

"Na faɗa. Ba ta nan yadda take."

"Ba ta kuma warke ba. Kin gani da idonki."

"Na gani."

"To zan tambaye ki abu ɗaya. Za ki iya rantsewa ba za ta ƙara buge yaron nan ba?"

Da na so, da na rantse, don na san in na rantse zai yarda. Na dubi tabon da ke girar Abarshi, har yanzu ja ne.

"Ba zan rantse a kan kanta ba, Malam, ita ma ba ta da iko da shi. Abin da zan rantse a kai shi ne ba zai ƙara zuwa inda kan zai same shi ba. A sa wa ɗakin ƙyaure da sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa. Ba dusa, ba shafawa, ba hawa. In ka taɓa ganin ƙyauren nan a buɗe yaron yana ƙasa, kada ka tambaye ni, ka aika a kira Jaji."

"Har hawan?" in ji shi, don ya san abin da na daɗe ina jira.

"Har hawan."

Inna ta ce duk wannan maganar ƙyaure ce, ita maganar kira take yi, kuma sakata ba ta tare abin da ba a gani. Na durƙusa a gabanta na ce Inna, in kira ne, me ya sa mai kiran ba ya kira sai rana ta take, kuma ya yi shiru in an shiga inuwa? Ta ce wannan kuma sai in tambaye shi, ai ubana ne. Maigida ya kau da kai don kada ta ga bakinsa. Ta ɗan jima tana jijjiga yaron, sannan ta ce ita dai ba ta yarda ba, amma ba za a ce ita ta raba marainiya da abin ubanta ba. Sharaɗinta, ranar da yaron ya kwana da ciwon kai, ko na rana ɗaya ne, za a kira Jaji, kuma kada in buɗe baki. Na ce na ji. Wannan sharaɗin ya fi nawa nauyi, don wane yaro ne ba ya ciwon kai, amma shi aka ba ni, na karɓa.

Maigida ya koma zaure ya ba Jaji haƙuri da goro. Jaji ya ce ba komai, zai sake biyowa baɗi. Na ji wannan ma.

Yanzu damina ta yi nisa. An kafa mini 'yar rumfar zana a gindin bango, nan nake girki, in ruwa ya zo da iska sai in kwashe wuta a kasko in ruga ɗakina. Itace ba ya bushewa, idona kullum ja. Matan unguwa sun sa mini suna, wai matar da ta ba goɗiya ɗaki. Huraira mai kawo mana nono takan leƙa ta gaishe da Gunya kafin ta gaishe ni, ta tambaye ta ko an ba ta kwana. Dabo ya zo ya duba gyalen, ya juya shi, ya ce ɗinkin banza ne, ya tafi da shi. Bayan kwana biyu ya dawo da wani da ya sa baduku ya yi, da siraran tuntayen fata masu sauka a kan hanci, ya ce wai kada a ce matarsa ba ta iya komai ba. Ya fi nawa zama, kuma ya fi hana ta gogawa.

Maigida yakan fita da ita da sassafe ya dawo kafin hantsi, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Tafiyar daji kuwa ya koma yin ta a ƙasa tare da jakunansa, bai taɓa yi mini gori ba, sai dai in ya dawo yakan daɗe yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi inda zan gani. Tun da ruwa ya zauna kaɗa kan ya ragu ƙwarai, wani makon ko sau ɗaya ba na gani. Ba na yaudarar kaina, na ji abin da Jaji ya faɗa game da bazara. Na riga na roƙi maigida in kaka ta yi a gina mata ɗakinta, ƙofa tana kallon arewa, ya ce Allah ya kai mu.

Abarshi ya yi zazzaɓi sau ɗaya, na haƙora. Na kwana biyu ina jiran Inna ta yi magana. Ta dafa masa saiwa, ta shafa masa mai, ba ta tayar da maganar sharaɗin ba, ni ma ban tuna mata ba.

Shi ne dai bai gane ba. Bakinsa ya buɗe yanzu, kuma ya san tana ciki. Yakan je ya tsaya a jikin ƙyauren ya sa ido a tsagar katako, ta ciki ita ma ta matso tana hura masa iska. Jiya ya zo ya kama mini zane ina tsakar wanke-wanke, ya ce in buɗe masa ya ba ta dusa, ai ba zai yi kuka ba. Na ce a'a. Ya ce gobe? Na ce gobe ma a'a. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ya ce ba zai yi ba, na bar shi ya yi, na gama wanke-wankena, sannan na ɗauke shi muka tafi ɗebo ruwa.